Kai, Yaro!

Ni dai tun da nake ban taɓa ganin gidan da ya ba ni ƙyama irin gidan Inna Lalla ba, kuma zana ɗaya ce ta raba mu da su. Saƙar tabarma ce sana'ata, a gindin zanar nan nake yini da kaba a hannu, ko ban kasa kunne ba magana tana iske ni. Abin da ban ji da kunnena ba, Mardiyya ce ta faɗa mini daga baya, lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani.

Mardiyya matar Rilwanu ce, autan Inna Lalla. Daga Garhanga aka kawo ta garinmu, nan kusa da Karofane. Ɗanta guda, ɗan fari, aka sa masa Isaka, sunan marigayi uban mijinta. Kun ga kunya ta zama biyu ke nan, ga ɗan fari ga sunan suruki. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Duk mun tashi a haka, ni ma haka na yi. Amma a gidan Inna Lalla abin ya wuce kunya, ya zama bulala.

Wata rana Mardiyya tana cikin ɗakinta tana yi wa yaron cakulkuli, yana ƙyalƙyata dariya, sunan ya kuɓuce mata. Ashe tsohuwar tana bakin ƙofa.

"Ke ɗiyar Garhanga! Can gidanku haka aka yi? Ɗan hwari ki kama sunanai gatsal, sunan uban mijinki? To ba a gidan ga ba."

Ba ta bar zancen a gida ba, sai da ta kai shi bakin rijiya. Mata suka yi ta yi wa Mardiyya tsiya har ta daina ɗaga kai in ta je ɗiban ruwa. Tun daga nan yaron ya koma ɗakin kakarsa. In ta kama dole uwar ta yi masa magana, sai ta ce "kai yaro" tana kallon wani wuri. Shi ma yaron ya koya. Yaran unguwa da maƙwabta mu ne muke kiransa Isaka, kuma sunan da yake waiwayowa ke nan. "Kai yaro" kuwa na kowa ne, bai taɓa ɗauka da shi ake ba.

Lokacin cire albasa abin ya faru. Rilwanu yana Aljeriya wajen biɗa, wato ci-rani. Wansa Hamza, wanda gidan ke hannunsa, ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura don kwaso albasa daga lambu, ba shi da permi, wato lasin tuƙi, a filin ƙwallo ya koyi juya ta. Ranar ni ina kasuwar Bouza da tabarmina, maza duk suna lambu. Inna Lalla da Mardiyya suna zaune a ƙofar gida suna tsinke ganyen albasa, yara suna wasan ƙasa a bayan motar. Hamza ya fito ya shiga, wayar salula manne a kunne yana cinikin buhu, ya tada ita ya yo baya bai duba ba.

Mardiyya ta gani. Ta ce sunan ya zo har kan harshenta, ga tsohuwar a gefenta kafaɗa da kafaɗa, sai ya maƙale. Abin da ya fito shi ne, "Kai! Kai yaro!"

Duk yaran suka watse. Shi kaɗai bai waiwayo ba, yana cika gwangwani da yashi.

Kafin a rufe yaron da zane, Inna Lalla ta gama shirya labari. Ta dubi ɗanta da ya durƙusa yana kakarin amai, ta dubi surukarta, ta ce, "Kamiyo na. Kamiyon baƙi, cikin manyan motocin ga masu ɗaukar albasa, ya taka shi ya wuce. Kun ji ko?" Salamatu matar Hamza ta kawo bokiti ta wanke taya, ta share wurin ta zuba sabon yashi. Kafin mutane su taru motar ta kama hanyar Madaoua, wai an kai ta gyara. Da jandarma suka zo daga Bouza, abin da aka faɗa musu ke nan. Yaran da suka ce motar Baba Hamza ce, iyayensu suka doke musu baki, wai yaro ya san mota?

Tsohuwar ta ja Mardiyya ɗaki ta ce, "In kinka buɗe baki, 'yan'uwa biyu za ki kashe min, guda gidan kaso guda kabari. Kuma ki tuna ke ma kina wurin. Kina kallo, ko kiranai ba ki yi ba."

Ku ji fa. Wadda ta ɗinke mata baki ita ce take tuhumarta da rashin kira.

A zaman makoki Inna Lalla ce ta zauna tsakiya tana rusa kuka, mata suna riƙe ta suna ba ta baki. Mardiyya kuwa ɗan fari ne ya mutu, ba ta da izinin hawaye. Aka ba ta turmi ta yi ta daka furar baƙi. Na shiga na same ta tana daka, idonta a bushe ƙamas, tana luguden turmin da babu komai a ciki. Wata tsohuwa har yaba ta take yi, wai ga ɗiya mai kunya. Ni ban san komai ba a lokacin, na ɗauka kamiyo ne kamar kowa, amma yabon nan bai kwanta mini ba.

Rilwanu ya dawo bayan an share makoki. A cikin jakarsa akwai ɗan takalmi mai fitila a dunduniya, wanda ya saya tun kafin labari ya iske shi. Yaron yana rarrafe Rilwanu ya tafi ya bar shi, bai taɓa ganin tafiyarsa ba. Wannan abu ya ci shi ƙwarai, na shaida, na ji shi yana cewa da bai tafi ba da ɗansa yana nan. Sai dai mutumin da laifi ya yi wa nauyi yakan nemi inda zai sauke, kuma uwarsa ta riga ta nuna masa wurin.

"Tana zamne tana kallo," in ji tsohuwar. "Ni idona ba shi gani sosai. Ita da ka gani, ko sunanai ba ta kira ba."

Daga ranar ya daina cin abincinta. Kullum da safe sai ya zauna bakin ɗaki da takalmin nan a hannu, ya kira ta.

"Ke. Zo ki hwaɗa min. Mi kinka ce da kinka ga kamiyon?"

"Maigida, na hwaɗa maka jiya."

"Sake hwaɗi."

"Na ce, kai yaro."

"Kai yaro! Ɗan wa? Ɗan tsintuwa na? Ba shi da suna?"

Sai ta sunkuyar da kai. Shi kuma ya buga takalmin a ƙasa fitilar ta kama walƙiya, ya bar ta tsaye tana kallo har fitilar ta mutu. Bai taɓa dukanta ba, kuma da wannan yake taƙama a majalisa. Ni da nake jin su ta zana, wallahi da duka ne da ya fi sauƙi.

Bayan haka ya kama neman direban. Ya wasa wuƙar da ake yanke ganyen albasa har tana aske gashin hannu, ya rantse a gaban masallaci sai ya ga jinin wanda ya taka masa ɗa. Dattawa suka ce ya bar wa Allah, ya ce Allah ya ba shi hannu. Ya tsare wansa da tambaya, wane irin kamiyo ne, wane launi. Hamza don a rabu da shi ya ce shuɗi ne.

A nan ne abin ya kai inda har yau in na tuna sai na tofar da yawu. Motar ta dawo daga Madaoua da sabon fenti, aka ajiye ta a wurinta na da, a ƙofar gida. Rilwanu ba shi da abin hawa. To wa zai kai shi neman mai kisan? Hamza. Duk ranar kasuwa su biyu za su shiga motar nan, wan yana tuƙi ƙanen yana gefe da wuƙa a ƙugu, su tafi Madaoua, su tafi Galmi, su bi wuraren lodin albasa suna duba shuɗin kamiyo. Mardiyya ce take dama musu furar hanya. Ita ce take miƙa goran ta tagar motar, Hamza ya karɓa yana kallon sitiyari. In sun dawo da yamma sai ka ji Rilwanu yana cewa, "Yaya, Allah shi saka. Ba don kai ba ban san yadda zan yi ba." Hamza ya ce, "Haba, ɗana na ai."

Mardiyya ta fara lalacewa. Da ta ji an tada mota sai duk abin da ke hannunta ya faɗi, ta fasa tulu ta fasa ƙwarya. Warin albasa ya koma sa ta amai, a garin da ko iskarsa albasa ce. Zanenta ya riƙa zagaye ta har ya yi saura. Wani lokaci tana tsakar shara sai ta tsaya cak, leɓenta yana motsi ba sauti. Salamatu ta ce iskoki ne, aka kawo malami ya yi rubutu, aka turara ta da hayaƙi har tana shiɗewa. Na ce wa Inna Lalla a kai yarinyar nan likita. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Likita shina da maganin mugun hali? Alhakin ɗanta na ka bin ta."

Hamza fa? Ya yi ƙiba. Ya ƙara yawan sallar nafila, ya sayi sabuwar buta ya kai masallaci. Sau ɗaya Mardiyya ta tare shi a zaure ta durƙusa.

"Yaya, don Allah ka hwaɗa mishi. Ni na gaji."

"Ke, mi za ni hwaɗi? Ƙaddara ta. Kwanan yaro ya ƙare, ko ba ni ba wani na. In na yi magana wa za shi riƙe gidan ga? Ki yi haƙuri, haƙuri na mata na."

Ya tsallake ta ya wuce, har gefen rigarsa yana shafar kanta.

Ta gwada mijin ma. Wata safiya da ya gama tambayarsa ta kullum, ta ce, "Maigida, ka bar neman kamiyon nan." Ya miƙe tsaye. "Na bari? Ke kin bari tun ran da kina kallo, ni ma in bari? Ko kin san direban na?" Ta ɗaga kai za ta yi magana, sai tari ya taso daga ɗakin tsohuwar, irin tarin da ba na ciwo ba. Ta mayar da kanta ƙasa.

Albasa ta sake fitowa, manyan motoci suka fara shigowa gari. Wata rana da hantsi wani shuɗin kamiyo ya tsaya a filin lodi, nan gaban gidajenmu. Direban wani dattijo ne, Tanko, gemunsa fari, wannan ne zuwansa garinmu na farko. Ya sauko ya shimfiɗa buhu a inuwar motarsa, ya ɗora shayi yana jiran a gama lodi.

Ina zaune ƙofar gida na ga Rilwanu ya fito. Ya tsaya yana kallon kamiyon, ya koma ciki, ya fito hannunsa cikin riga. Hamza yana wurin yana sa ido a kan lodi, ya ga ƙanensa, ya ga inda ya nufa, ya san abin da ke cikin rigar. Na rantse da Allah ya gani. Sai ya juya baya ya hau duba bakin buhu. Inna Lalla tana zaure tana leƙe, ita ma ba ta ce uffan ba. Wato sun gwammace a yanka bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, ɗansu ya ƙare a kaso, da a ji gaskiya.

Rilwanu ya kusa, dattijon ya ɗago yana murmushi yana miƙa masa kofin shayi. Wuƙar ta fito. Ni na buɗe baki ihu ya ƙi fita.

"Rilwanu!"

Muryar ta tsaga filin. Mardiyya ce a ƙofar gida, ba mayafi, ba takalmi. Tun da aka kawo ta garin nan ba wanda ya taɓa jin sunan mijinta a bakinta. Ya tsaya cak, ya waiwayo. Nan take ya waiwayo, kamar an ja shi da igiya.

"Ba shi na ba! Babu wani kamiyo! Hamza na! Hamza yat taka Isaka, da motar ga da kuka shiga kullum!"

Sunaye uku a numfashi ɗaya, na miji, na wan miji, na ɗan fari. Masu lodi suka tsaya da buhu a ka. Abu na farko da na ji an faɗa, daga bakin wata mata a bayana, shi ne, "Subhanallahi, ta kama sunan mijinta!"

Rilwanu ya dubi wansa. Hamza ya ce, "Ƙanena, ƙaddara…" bai iya ƙarasawa ba. Ba sai an ƙara tambaya ba, fuskarsa ta gama faɗa. Na zuba ido in ga abin da mai rantsuwa a gaban masallaci zai yi, ina addu'a kada a zubar da jini. Ya daɗe tsaye da wuƙar a hannunsa. Can sai ya mayar da ita cikin riga a hankali, ya bi ta gaban wansa bai taɓa shi ba, ya zo inda matarsa take.

"Shiga gida," ya ce. "Marar kunya."

Tanko direba ya kwashe kayan shayinsa ya shige mota ya kulle ƙofa. Bai sake zuwa garinmu ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Da la'asar dattawan gidan suka zauna. Ina jin su ta zana tun daga bismillah har fatiha. A kan Hamza magana ba ta yi tsawo ba. Wani ya ce kuskure ne, wani ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Hamza ya yi kuka, Rilwanu ya yi kuka, aka ce su yi musafaha suka yi. Wanda ya hana matarsa barci da cin abinci a kan kalma biyu ya yafe wa wanda ya taka masa ɗa kafin shayi ya huce. Ba na cewa ya kashe wansa, Allah ya kiyaye. Amma in yafiya tana da sauƙi haka, ina take duk watannin nan da Mardiyya take narkewa a gabansa?

Sauran zaman duk a kanta ya ƙare. Ta tona asirin gida a gaban baƙi. Ta fita ba mayafi. Ta kama sunan mijinta da na wansa a bainar jama'a, ta kama sunan marigayi. Inna Lalla tana ta nanatawa, "Na hwaɗa muku tun hwarko ɗiyar ga ba ta da kunya." Ba wanda ya tuna cewa bakin nan da suke zagi shi ya hana ɗansu zama mai kisan kai. An bar jaki ana dukan taiki, kuma kowa a wurin ya san jakin.

Rilwanu ya sake ta kafin magariba. Na ji ta tambaye shi abu ɗaya.

"Maigida, kullum kana ce min don mi ban kira suna ba. Yau na kira, ka waiwayo. Wanne na laihina, na ran nan ko na yau?"

 Ya ce ta haɗa kayanta.

Washegari da safe na shiga na taya ta ɗaure ƙunshi. Ta nemi takalmin yaron, ya hana, wai shi ya saya. Sai ga Inna Lalla da abin da ta ɗauka alheri ne, wai Hamza zai wuce Bouza, a sa mata kayan a bayan mota ya rage mata hanya. A motar nan fa! Mardiyya ba ta ko dube ta ba, ta ɗora ƙunshinta a ka, na ɗauki ɗaya na bi ta.

A ƙofar gida ta tsaya, daidai inda Salamatu ta zuba sabon yashi. Ta sauke kayan. Ta ɗaga murya yadda uwa take kiran ɗanta in abinci ya sauka.

"Isaka! Isaka! Isaka, taho!"

Mata suka leƙo ta kan zana suna riƙe baki. Daga cikin gida tsohuwar ta ce, "Ku ji ta, ku ji marar kunya." Mardiyya ta ɗan jira, kamar mai sauraren amsa, sai hawayen da aka hana ta tun ranar makoki suka zubo. Ta yi kukanta a tsaye a tsakiyar hanya, da ƙarfi, ban hana ta ba kuma ban bari kowa ya matso ba. Da ta gama ta share fuska da bakin zane, ta ɗauki kayanta muka kama hanyar tasha da ƙafa.

Ba mu yi nisa ba motar ta wuce mu, Hamza yana tuƙi, Rilwanu yana gefensa a kujerar da ya saba zama. Bai waiwayo ba.

Har yau gidan yana nan, motar tana nan a ƙofa, yaran Salamatu suna wasan ƙasa a bayanta. Hamza ana kiransa Alhaji yanzu, a sahun gaba yake sallah. In kuma amarya ta zo garinmu ta haifi ɗan fari, tsofaffi sukan zaunar da ita su ja mata kunne, su ce ta kama bakinta, kada ta zama irin Mardiyya. An taka yaro a garin nan an yafe a zama ɗaya. Sunansa da uwarsa ta kira, shi ne har yanzu ba a yafe ba.